Kabo da Kayan Mamaci

Ranar da aka tuɓe Kabo a gaban jama'a ina wurin, kuma ni na fara dariya, Allah ya yafe mini. Hantsi ne, muna zaune gindin mangwaron ƙofar gidan marigayi Malam Sa'idu, sai ga wata farar mota ta tsaya. Mace ta fito da littafi a hannu, maza biyu na bin ta. Daga baya muka san sunanta Madam Rashida, daga Yamai ta zo. Kabo ya miƙe don ya yi wa baƙi maraba, ita kuwa ko amsa gaisuwar ba ta yi ba. Ta dubi bayan littafin, ta dubi Kabo, ta sake duban littafin, sai ta dafe ƙirji ta saki wani dogon Faransanci. Ashe hoton marigayin ne a bayan littafin, sanye da shuɗiyar riga mai ɗigon tawada a bakin aljihu. Rigar nan kuwa ita ce a jikin Kabo, har da ɗigon.

Ta ce, "Baba, don Allah in ga cikin wuyanta."

Kabo mutum ne da bai iya ce wa baƙo a'a ba. Ya ɗaga hannuwa sama, mazan nan biyu suka kama rigar suka zare ta ta kansa. Abin da ke ƙarƙashi wata singileti ce da ramukanta suka fi yadinta yawa. Wannan ma da sauƙi. Miƙewar da ya yi ce ta tsinke mazagin wandonsa, sai ga dattijo ya cafke ƙugu da hannun hagu, na dama kuma yana miƙa wa baƙi gaisuwa. Daidai lokacin matan unguwa ke dawowa daga gulbi da kwanonin wanki a ka. Wata ta ce, "Subhanallahi, Baba Kabo, yau kai aka wanke?" Ni dai na faɗo daga kan benci.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Kabo, shekara talatin da wani abu, don haka ba a ba ni labarinsa. Ɗan masunta ne, amma bai gaji ubansa ba. Yana yaro gulbi ya ɗauke wansa a gabansa, tun daga nan ya yi wa ruwa iyaka: gwiwa. Bai bar bakin gulbi ba, bai kuma ƙara shiga ciki ba, sai ya zama mai wanki. Ya yi wa 'yan duwan, wato 'yan kwastan, wanki, ya yi wa direbobin manyan motoci masu kwana da kwanaki suna jiran haye gada zuwa Malanbil. Bai taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Ni da na yi aji uku ina yi masa fankama da haka, shi kuma yana cewa abin da na karanto ko sunan sabulu bai kai ba. Amma ka ba shi riga, zai gaya maka miyar da mai ita ya ci, da gefen da yake kwanciya, da ko matarsa tana fushi da shi.

Malam Sa'idu kuwa marubuci ne. An ce ana karanta littattafansa a manyan makarantu har ƙasashen waje, ni ban karanta ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne wani siririn tsoho mai tari, wanda ya gama aikinsa a Yamai ya dawo gidan ƙasa na ubansa a nan Gaya, yana tare mutane a hanya yana tambayar su sunayen kifi da Dendanci, yaren mutanen bakin gulbin nan. Shekara goma sha tara Kabo yana yi masa wanki. Kullum rana ta take tsaka Malam zai leƙo daga ɗaki ya ce, "Kabo, rigata ta bushe?" Kabo ya ce, "Saura hannu ɗaya, Malam." Ko ta bushe ko ba ta bushe ba, amsar ke nan.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira Kabo a gaban 'ya'yansa da suka zo daga Yamai. Ya ce takardu da littattafai na yara ne, su kwashe. Sauran kuwa, Kabo ya raba. "Kada ka bar ko allura a ɗakin nan. Ka ba waɗanda za su more su. Ina so su yi ta aiki bayan ni na kwanta." 'Ya'yan suka ce a yi yadda ya ce. Da ma haka muke yi a nan: ba a ajiye kayan mamaci, sadaka ake yi da su, duk sa'ad da wani ya sa rigar ya yi salla, ko ya taka takalmin ya je neman halak ɗinsa, lada na isa ga mai kwance. Kabo ne ya yi masa wanka na ƙarshe, saboda haka rigar ta zama tasa. Takalma ya ba wani manomi na Zabori. Sanda ta tafi ga wani limami a Karakara. Bargo ya ba mai gadin tasha. Tabarau kuma ya kai wa Nuriya, wata tsohuwa ta Tunuga da ke kawo wa Malam bandar kifi. Ni buta na samu, kuma ba sai na faɗi inda nake zuwa da ita ba.

Shekara goma sha ɗaya ɗakin yana fayau. Kabo ke share shi, kafin kowace damina ya kwaɓa ƙasa ya yi wa gidan yaɓe, ba don wani ya sa shi ba. Ɗaki ne mai sanyi da natsuwa, ni kaina na sha yin barcin rana a ciki in matata ta dame ni. Ba wanda ya taɓa jin ko motsi.

To, Madam Rashida da ƙungiyarta ta masu son littattafan Malam sun zo ne su mai da gidan gidan tarihi, abin da suke kira mize. Da aka buɗe musu ɗakin suka ga babu komai, sai da ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce ita da littafin mutumin nan ta koyi son karatu, ta yi shekaru tana mafarkin ganin kujerarsa da alƙalaminsa, ga shi ko tsinke babu. Sai ta tambayi Kabo, wanda a lokacin ya ɗaure wandonsa da igiyar buhu, ina kayan suka tafi. Ya lissafa mata su duka da ka, da sunan kowa da ƙauyensa.

Nan aka naɗa shi mai gadin gidan. Aka ba shi hula mai baki irin ta 'yan duwan, da mabuɗi, aka ce ya bi kayan ya dawo da su, duk wanda ya bayar da tsoho a ba shi sabo. Rigar kuwa ba ta koma jikinsa ba, wata farar shadda aka kawo masa a madadinta. Gaskiya a faɗe ta, Kabo ya ji daɗi. Hular ta shiga kansa, har masallaci ya so zuwa da ita. Kuma akwai abin da ya daɗe yana cin sa: yaran unguwa ba su san gidan wa suke yi wa fitsari a bango ba. Ya ce mini, "Bashir, mutum kamar Malam a ce sunansa ya mutu a garinsu? Gara a sa shi a gilas."

Ni nake kai shi a moto, wato babur, da yake kabu-kabu nake yi in ƙashin bayana ya yarda. Zabori muka fara zuwa. Muka tarar da manomin a gona yana sassabe, takalman Malam a ƙafarsa, an yi musu ɗinki ya fi sau goma. Kabo ya yi ta kewaye-kewaye, daga gaisuwar gida zuwa ta dabbobi, kafin ya fito da sababbin daga jaka. Mutumin ya zauna a kututture ya cire tsofaffin, ya kaɗe musu ƙasa, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Ga su. Amma Kabo, ni tun da nake ban taɓa jin an dawo karɓar sadaka ba. Shi ya aiko ka?"

Kabo ya ce, "Manya ne daga Yamai."

"A'a, ni mai su nake tambaya."

Har muka iso Gaya ina ta tsokanar Kabo cewa hularsa ta fi ƙarfin kansa.

Kafinta ya ƙera akwatunan gilas guda shida, aka jera su a ɗakin Malam. Riga ta shiga na tsakiya, takalma suka shiga na gefe, Madam ta kulle ta tafi Yamai da 'yan mabuɗan. Na ƙofar ɗaki kaɗai aka bar wa Kabo. Bayan kwana uku ya leƙo ta kan katanga, rana tsaka, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa.

"Bashir, kai ka shiga ɗakin Malam yanzu?"

Na ce, "In yi me, in gai da takalmi?"

"Na ji tafiya."

"Ɓera ne."

"Ɓera ba ya tari." Ya rage murya. "Tafiyar Malam ce, na san ta, yana jan ƙafar hagu. Amma ba takalmi. Tafin ƙafa ne a kan daɓe."

Na yi masa dariya har na ƙware. Na ce yunwa ce, Fatuma ta ƙara masa fura. Fatuma matarsa ce, kuma ita ba ta yi dariya ba.

Aka je Karakara aka karɓo sanda. Limamin ya tsufa ƙwarai, sai da aka ɗaga shi ya gwada sabuwar, ta ƙarfe, ta asibiti. Ya ce ta yi, Allah ya yi albarka. Kabo ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko mamaci na dawowa. Liman ya ce ba ya dawowa, wanda ya tafi ya tafi, abin da mutum ke ji ko aljani ne ko zuciyarsa. Sai ya ƙara da cewa, "In aljani ne akwai addu'a. In zuciya ce, ni ban da maganinta."

Daga ranar da sanda ta shiga gilas, tafiyar ta sake. Kabo ya ce yanzu taku biyu ake yi a tsaya, kuma yana jin hannu na shafa bango, sannu-sannu, irin na mai neman abin dafawa. Da aka karɓo bargo daga mai gadin tasha, sai ya ce ɗakin ya ɗauki wani sanyi, a watan da kwalta ke narkewa a hanyar Doso. Na shiga don in ƙaryata shi. Ɗakin da ma mai sanyi ne, amma wannan wani iri ne, irin wanda ke kama bayan wuya. Na tsaya tsakanin akwatunan, rigar tana shimfiɗe da hannuwanta a buɗe kamar mai jiran a ɗaga shi. Sai na ji tari, gajere, sau biyu. Na fito da sauri na ce akuyar maƙwabta ce. Har yau akuya nake cewa. Amma ban ƙara barcin rana a gidan ba, kuma da Kabo ya tambaye ni buta na ce ta fashe tun bara. Ya dube ni ya ce, "Allah ya ji ƙanta." Ya san ƙarya nake yi, don kullum yana jin ƙarar murfinta ta bayan katanga.

Damina ta sauka. Wanda ya san Gaya ya san ruwanmu ba na wasa ba ne, gishiri ma jiƙewa yake a cikin kwano. Gilas ya fara gumi ta ciki. Kabo, da idonsa na mai wanki, shi ya fara ganin fumfuna ta fito a wuyan rigar, ɗigo-ɗigo, tana sauka zuwa ƙirji. Takalman suka yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Ya kira Madam a salula, ta ce kada a taɓa komai, masana za su zo da magani. Sai ya riƙa tsayawa gaban akwatin da hannuwa a baya, mutumin da shekara talatin bai bar rigar nan ta kwana da datti ba, yana kallon ta tana ruɓewa ta bayan gilas.

Ya rame. Farar shaddar ta koma rataye a jikinsa. Wata rana na same shi zaune a zaure, hular a cinya, idanu a buɗe amma ba ni yake gani ba. Na taɓa shi ya zabura.

Ya ce, "Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga Malam. Can gindin rijiya, ba riga, ba takalmi, ya rungume kafaɗunsa. Bai yi fushi ba, Bashir, da ma ya yi fushi. Murmushi yake yi. Ya ce, Kabo, rigata ta bushe?"

"Me ka ce masa?"

"Na buɗe baki in ce saura hannu ɗaya, na kasa."

Na so in yi wasa, ban samu ba. Na ce to ya ajiye aikin mana. Ya ce ya riga ya ba Madam kalma, kuma matar nan ba mugunta ta kawo ta ba, son Malam ne. Ya ce, "Ga kalmar da na ba mai rai, ga wadda na ba mamaci. Mai rai tana da salula."

Saura tabarau. Madam ta kira ta ce an sa ranar buɗe gida, mako biyu masu zuwa, manyan baƙi za su zo, kuma a duk hotunan Malam da tabarau ake ganinsa, in babu su kamar babu fuskarsa ne. Kabo ya yi ta ja, yau moto ba mai, gobe hanya ta jiƙe. Da ya rasa dalili muka sayi sababbin tabarau a kasuwa muka kama hanyar Tunuga.

Mun sami Nuriya a ƙofar bukkarta, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Tabarau ɗin Malam na kan hancinta, ƙafarsu ɗaya ta karye an ɗaure da zaren taru. Ta ce mana fofo, wato sannu da yarensu, ta sa aka kawo ruwa. Hausarta ta kasuwa ce, guntu-guntu take fitowa. Kabo ya yi bayani yana kallon ƙasa. Ta gwada sababbin, ta dubi faifan, ta ce shinkafar ta koma kunu. Ta cire ta mayar masa.

Ta ce, "Wannan ba ya gani. Na Malam shi yake gani. Kullum safe ina sa shi, ina cewa Allah ya ji ƙan mai shi. Amma in ana so, ɗauka. Ba nawa ba ne, ba ni aka yi."

Ta zare su ta miƙa. Sai dai ba wajen Kabo ta miƙa ba, wajen turmin da ke gefensa ta miƙa, ta tsaya haka da hannu a sama tana jiran turmi ya karɓa. Ni na kau da kai. Kabo ya matsa ya sa hannu ya karɓa. Muna ta da moto na waiwaya, na gan ta tana lalube a cikin faifan da yatsu.

Da yake ba shi da mabuɗin akwatu, sai ya ɗora tabarau ɗin a kan gilas ɗin rigar, ya ja ƙofa. Kashegari da rana tsaka ina kwance a gida na ji an faɗo mini tsakar gida. Kabo ne, ta kan katanga ya hauro, yana da shekara sittin da bakwai. Leɓɓansa sun yi fari.

Na ce, "Tafiyar ce kuma?"

Ya ce, "Babu tafiya. Na zauna na kasa kunne, shiru. Can na ji an yi karo da akwati, aka koma aka yi karo da wani. Sai ya kira ni. Ba rigar ya tambaya ba yau."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Kabo, ina ƙofa?"

Ya zauna a tabarmata. Fatuma ta leƙo ta katanga ta ce masa, "Maigida, tun ranar takalmi na gaya maka. Kai ka tuɓe shi, kai za ka suturta shi." Ya tashi ya ce in ba shi abin kwance ƙusar moto.

Kafintan bai yi wa bayan akwatunan wata dabara ba, ƙusa huɗu-huɗu ne. Kabo ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, bai fasa ko gilas ɗaya ba, ni ina bakin ƙofa ina karanta duk abin da na tuna daga makarantar allo. Rigar ya fara kaiwa gulbi. Ya jiƙa ta, ya sa sabulu, ya buga a dutsen da ya saba. Garin ɗauraya ruwa ya fizge ta daga hannunsa, da yake gulbi ya cika. Kafin in buɗe baki Kabo ya bi ta, gwiwa, cinya, ƙugu, har ƙirji, ya cafko ta da hannu ɗaya. Ya fito yana haki. Na ce, "Kabo, ka wuce iyaka fa." Ya dubi ruwan kamar yanzu ya gan shi, ya ce, "Rufe mini baki, kama mu matse."

Kwana uku muka yi muna rabo. Komawar ta fi zuwan farko kunya, don sai ka tsaya gaban mutum ka ce ka yi kuskure. Manomin Zabori ya cire sababbin ya sa tsofaffin ya koma noma. Liman ya shafa sandar tun daga kai har gindi yana murmushi. Nuriya ta sa tabarau ta dubi Kabo sama da ƙasa ta ce, "Kai ka rame." Kashegarin gamawa Kabo ya zauna a zaure tun hantsi har aka kira azahar. Da na tambaye shi me ya ji, ya ce kurciya.

Bai gaya wa Madam ba. Ya ce irin wannan ba a faɗin ta a salula.

Ranar buɗe gida aka kafa rumfuna, aka jera kujeru har bakin hanya, 'yan lakwal suka zo da malamansu, baƙi daga Yamai da Doso suka cika gaba. Nafisa, babbar 'yar Malam, ita ma ta zo. Aka yi jawabai da Faransanci, muna tafi duk inda muka ga na gaba sun tafa. Kabo bai fito ba sai da aka zo yanke ƙyalle. Ya fito daga zaure cikin shuɗiyar riga, an yi mata guga har tana ɗaukar ido, hular 'yan duwan a hannunsa. Madam ta gan shi ta tsaya da almakashi a sama. Ya wuce ya buɗe ɗakin. Akwatu shida, an goge su tas, ba komai a ciki.

Ya ce, "Bismilla, ku shigo in nuna muku." Ya dafa na farko. "Takalma suna Zabori, suna noman gero. Sanda tana Karakara, sau biyar take zuwa masallaci. Bargo na tasha. Tabarau suna Tunuga suna tsintar shinkafa, wanda ke son ganinsu Bashir na da moto. Buta kuma," ya juyo ya nuna ni a cikin taro, "an ce ta rasu, amma kullum da asuba ina jin fatalwarta."

Na so ƙasa ta tsage. Mutanen gari suka kwashe da dariya, baƙi suna tambayar me ya ce. Nafisa ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana duban bango, ta ce a hankali, "Ko allura. Haka Baba ya ce, ina wurin. Na manta."

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. An karɓe hular. Mabuɗin kuwa yana hannun Kabo har yau, don Nafisa ta ce gidan ubanta ne kuma shi ta yarda da shi. Ta aiko da littattafai aka zuba a akwatunan, a buɗe, malaman lakwal na kawo yara su karanta a ɗakin. Baƙi na zuwa jefi-jefi, Kabo ya zaunar da su ya ba su labarin Malam ta bakin tufafinsa, wasu har Tunuga nake kai su. Fitsarin bango ma ya ragu.

Amma abin da ake ta maimaitawa a Gaya shi ne yadda suka ƙare da Madam a ranar. Ta jawo shi gefe, idonta ya kawo ruwa, ni kuwa kunnena bai taɓa yin nisa da irin wannan ba. Ta ce, "Baba Kabo, ka san me ka yi? Kayan nan ƙarewa za su yi a jikin mutane. Nan da shekara goma me za mu nuna wa jikoki?"

Ya ce, "Ba littattafai ya bar musu ba? Ko su ma kallo ake yi?"

Ta share ido. Ta ce, "To, ko rigar nan kaɗai. Ita ce a hoto. Don Allah ka cire ta a mayar."

Kabo ya gyara wuyan rigar, ya taɓa ƙugunsa ya tabbatar mazagi na nan daram, sannan ya ce:

"Madam, sau ɗaya ake tuɓe ni a ƙofar gidan nan, kuma kin riga kin ci rabonki. In lalle sai ta shiga gilas, ku buɗe in shiga da ita, a riƙa miƙo mini fura da azahar. Sai dai ki samo kujera ki zauna kusa, don mai ita yana leƙowa da rana tsaka, kuma wannan karon ke za ki gaya masa ko ta bushe."